Lambun Gida: Hajiya da itacen mazarin Turai

Wannan makon wasiƙu uku zan amsa. Biyu daga gida ɗaya suka fito, uwa a Aboabo da 'yarta a Jamus. Ta ukun ta yi wata biyu a aljihun rigata, sai yau ta sami abokan zama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni mazauniyar Aboabo ce a nan Kumasi. 'Yata da ke aure a Hambog ta turo mini hoton wata bishiya ta WhatsApp. Ganyenta ja wur kamar an tsoma a rini, 'ya'yanta ruwan hoda, kowanne ya tsage gida huɗu, ƙwayar ciki kuma ruwan goro. Tun da na gani raina ya biya. Ta ce za ta tsinko 'ya'yan ta ba wani boga, wato ɗan gida mazaunin Turai, da zai zo gida a Disamba ya kawo mini. Ina da ɗan fili a bayan ɗakin girki, inda muke ɗaure awaki da dare. Za ta yi a nan? Yaya ake shuka ta? Gidanmu gidan yawa ne, jikokina kaɗai su shida ne, ban da 'ya'yan masu haya. Hajiya, Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Na ga hoton, kuma ban zarge ki da kwaɗayi ba, don ni ma abin da ya same ni ke nan ranar da na fara ganinta ido da ido. A kudancin Ingila ne, cikin watan Oktoba, lokacin da aka tura mu wani ɗan kwas na renon dashe ina da sauran ƙuruciya. Motarmu ta tsaya a gefen wata gona, sai ga shinge ya yi ja kamar an cinna masa wuta, sauran 'yan ajin suna ta rawar sanyi, ni kuwa na tsaya na saki baki.

Sunanta a wurin masana tsirrai Euonymus europaeus. Ni ina ce mata itacen mazarin Turai, don sunan da Ingilishi suka ba ta ke nan a harshensu, kuma da dalili. Itacenta na da tauri da laushin fiƙewa, ba ya tsagewa, ana iya fere shi ya yi tsini kamar allura, shi ya sa matan Turai na da suke yin mazarin kaɗin ulu da shi. Wanda ya taso ya ga kakarsa zaune da taskira da alli tana murza mazari a cinya, ya san ba kowane ice ne ke yin wannan aiki ba. Mahauta kuma suna fere tsinken nama da shi, masu zane suna ƙona shi su sami gawayin zane mai laushi. Jamusawan da 'yarki ke zaune cikinsu suna kiranta 'yar hular fada, saboda kwanson nan mai kusurwa huɗu ya yi kama da hular limaman cocin Katolika. Ba babbar bishiya ba ce, yawanci mita 3 zuwa 6 take tsayawa.

To Hajiya, amsa a taƙaice, ba za ta yi miki ba. Bari in faɗa miki dalili, don kada ki ce Malam ya hana ni ne kawai.

Jan nan da ya ɗauke miki hankali, sanyi ne ke haifar da shi. A Hambog, a watan Yuni rana kan yi kusan awa 17 kafin ta faɗi, a Disamba kuwa da ƙyar take kai awa 7 da rabi. Idan yini ya fara gajarta a Satumba, dare ya fara sanyi, bishiyar sai ta gane hunturu na tafe. Ta janye koren da ke ganyenta ta adana abincin a jiki, ganyen ya rine ja, ya zube, ita kuma ta kwanta barci. Barcin nan ba ta farkawa daga gare shi yadda ya kamata sai ta sha makonni da yawa cikin sanyi irin na firji, daga nan ne idanunta ke buɗewa, ta yi toho, ta fitar da 'yan ƙananan furanni masu launin kore-kore a Mayu da Yuni, waɗanda su ne za su zama 'ya'yan da kika gani a hoto. Mu a Kumasi, tsakanin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bambancin bai kai awa guda ba. Sanyin hunturun da ke sa mu fito da rigunan sanyi a Janairu, mu yi ta neman kokon safe tun kafin a sallame Asuba, a kusa da digiri 20 yake yawo. A wurin wannan bishiya, wannan yanayin tsakiyar bazararsu ne. Ko Abetifi aka kai ta, can kan dutsen Kwahu inda mutane ke zuwa shan iska, ba ta ji komai ba tukuna. Agogon da take aiki da shi babu shi a ƙasarmu.

Na gwada, shi ya sa nake magana da ƙarfin gwiwa. A 2015 wani abokina ya dawo daga Ingila da 'ya'yanta guda talatin a ambulan. Ƙwayarta ma ba ta tsira haka kawai. Sai an wanke fatar nan mai ruwan goro, a ajiye ƙwayar cikin yashi mai danshi wata biyu zuwa uku a wuri mai ɗumi, sannan a kai ta sanyi, digiri 5 ko ƙasa da haka, na wata uku zuwa huɗu. A can ƙasarsu, idan aka bar ta a ƙasa, takan yi shekara ɗaya da rabi kafin ta leƙo. Na zuba nawa a gwangwanin madara na sa a firji. Shekarar dumso ce, wato yawan ɗauke wutar lantarki, kin dai tuna, firjin ya yini da sanyi ya kwana da zafi, wani lokaci ya kwana biyu kamar akwatin kaya. Duk da haka huɗu suka tsiro bayan shekara ta zagayo, na yi ta murna kamar an yi mini haihuwa. Ruwan Yuni da Yuli ya ruɓar da saiwar biyu. Biyun da suka rage suka yi ta miƙewa sirara, ganye kore fatau, ba ja, ba fure, fararen ƙwari masu kama da auduga suka mamaye gaɓoɓinsu. A shekara ta uku suka bushe a tsaye. Ƙasar ma ba ta taimaka ba, don ita ta fi son ƙasa mai alli wadda ruwa ba ya kwanciya, tamu kuwa jar ƙasa ce mai tsami, ga ruwan sama na damina biyu a shekara.

Amma asarar wahala ba ita ce ta fi damuna ba. Wata rana na shigo gida na tarar da uwargida ta buɗe gwangwanin nan a ɗakin girki, tana jujjuya ƙwayoyin a tafin hannu, tana tambayata ko sabon kayan yaji na sayo a kasuwar Kejetia. Har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi. Wannan bishiya kyan ɗan maciji gare ta. Ganye, ɓawo, 'ya'ya, duk akwai guba, ƙwayar ce ta fi yawa. Wanda ya ci zai yi ciwon ciki da amai da gudawa, idan ya ci da yawa abin na iya taɓa bugun zuciya ya kai ga suma. Muguntar kuma, alamun ba sa zuwa nan take, sukan ɗauki sa'o'i masu yawa, har rabin yini, lokacin da kowa ya manta yaro ya tsinki wani abu a bayan ɗaki. Tsuntsayen Turai suna cin fatar su kasayar da ƙwayar, ba abin da ke samunsu, ta haka ma bishiyar ke yaɗuwa. Jikanki ba tsuntsu ba ne. Ki sake duba hoton da idon yaro ɗan shekara uku, ki gaya mini ko ba alewa ya gani ba. Awaki da tumaki da dawaki ma tana yi musu illa, ke kuma wurin da kika zaɓa shi ne makwancin awakin. Ko da a ce za ta yi a Kumasi, a gidan yawa mai yara irin naki ba zan ba da shawarar shuka ta ba.

Akwai kuma maganar bogan da za a ɗora wa saƙo. Shigo da iri ko dashe cikin Ghana yana buƙatar izini daga sashen kare tsirrai na Ma'aikatar Abinci da Noma, wanda ake kira PPRSD, ƙarƙashin dokar tsirrai da takin zamani ta 2010. Ni kaina na yi kuskuren karɓar ambulan ɗin can ba tare da na tambayi takarda ba, ba kuma abin alfahari ba ne ga wanda ya yi aikin gona. Farin ƙwaron da ya addabi rogon Afirka tun shekarun 1970 daga Kudancin Amurka ya shigo, a jikin itacen rogon da aka ɗauko don dashe. Kada a sa bawan Allah ya zo hutu a tsare shi a filin jirgin Accra kan abin da ba zai tsira ba.

Yanzu ga abin da zan so ki shuka. Abin da ya burge ki kashi biyu ne, kwanso mai tsagewa ya nuna ƙwaya mai launi, da ganye ja. Na farkon, ki nemi anato, wanda masana ke kira Bixa orellana. Asalinsa yankin zafi na nahiyar Amurka, kuma ya karɓi ƙasarmu kamar a nan aka haife shi. Tsayinsa ba ya wuce na itacen mazarin idan ana rage masa kai. Furensa ruwan hoda ne, ya fi na waccan girma da kyau nesa ba kusa ba. Kwansonsa ja ne mai gashi-gashi, a dunƙule kamar damin goro, idan ya bushe ya tsage sai ki ga ƙwayoyi jere a ciki, in kin murza a yatsa su bar miki launi kamar kin taɓa manja. Wannan launin ana sa shi a abinci, da shi ake rina wani jan cuku na Ingila da ake kira Red Leicester, wato Turawan ma sayensa suke yi. Ana shuka ƙwayar kai tsaye a farkon damina, Afrilu ko Mayu, tana tsirowa cikin 'yan makonni, ba firji ba gwangwani. A shekara ta biyu ko ta uku za ki fara ganin kwanso. Yana son rana sosai, ba ya son ruwa ya kwanta masa a gindi, don haka ki ɗan tayar da ƙasar ki haɗa da takin awakin nan da ya daɗe ya huce. Ki kewaye shi da kara ko waya har ya fi ƙarfin bakinsu.

Jan ganye kuwa, muna da shi ba mu lura ba ne. Bishiyar nan mai rassa hawa-hawa kamar laima, wadda Asantawa ke kira abrofo nkatie, gyaɗar Turawa, wadda yara ke fasa ƙwallonta da dutse a bakin makarantu, ganyenta na rinewa ja kafin ya zube da hunturu. Sai dai tana da girma da saiwa mai ɗaga siminti, ba ta dace da bayan ɗakin girki ba. In fili ƙarami ne, masu sayar da furanni a bakin titi suna da kuroton, mai ganye ja da rawaya duk shekara. Shi ma ruwan jikinsa na sa ƙaiƙayi kuma ba a cin sa, a tukunya ake sa shi a ɗora inda hannun yaro ba ya kai.

TAMBAYA: Baba, ni ce 'yar Hajiya. Inna ta ce ta rubuto maka, sai na ce bari ni ma in tambaya. Mun sami gida mai ɗan lambu a baya, maigidana yana so mu dasa bishiyar a jikin shinge. Me ya kamata mu sani? Yaranmu biyu, babban yana da shekara 11, ƙaramar 9.

AMSA: 'Yata, ke kam kina garinsu, ba ruwanki da firji. Kada ki ɓata lokaci da ƙwaya, ki sayi dashe a wurin masu renon itatuwa. Lokacin dasawa daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Maris, yayin da bishiyar ke barci, muddin ƙasa ba ta daskare ba. Ki haƙa rami da ya fi tushen faɗi, ki dasa daidai zurfin da take a da, ki shayar da ita sosai a shekarar farko idan bazara ta yi fari. Bayan haka ba ta da fitina. Tana jure inuwa, amma in kina son jan nan na hoto da 'ya'ya masu yawa, ki ba ta wurin da rana ke samu. Akwai nau'in da ake kira Red Cascade, an zaɓo shi ne don yawan 'ya'ya da ƙarfin launi, har ƙungiyar masu lambu ta Birtaniya, RHS, ta ba shi lambar yabo. Idan fili ya isa ki dasa biyu, sun fi yin 'ya'ya idan akwai 'yar'uwa a kusa. Ba ta buƙatar aski mai yawa. A ƙarshen hunturu ki cire busassun rassa da waɗanda suka haɗe da juna, ki tumɓuke 'yan tohon da ke fitowa daga saiwa idan sun fara cin fili. In kin yi mata aski irin na shinge kowace bazara, kin yanke furen, ba za ki ga 'ya'ya ba.

Abu biyu za su tsorata ki. Wajen Mayu wata safiya za ki iya fitowa ki tarar an lulluɓe bishiyar da farar yana kamar ta gizo-gizo, tsutsotsi sun cinye ganyen tas. 'Ya'yan wani ƙaramin farin malam-buɗe-littafi ne mai ɗigo-ɗigon baƙi, wanda wannan bishiya ce abincinsa. Abin ba kyan gani, amma kada ki sare ta, cikin 'yan makonni za ta sake sabon ganye. In kin gan su da wuri, ki sa safar hannu ki yanke reshen da suka taru. Na biyun su ne baƙaƙen ƙwarin nan ƙanana masu tsotson ruwan ganye. A jikin wannan bishiya suke ajiye ƙwai su wuce hunturu, da bazara su tashi su koma kan wake. Na san halin 'yan Zango, ba za a rasa kin ware wani lungu don wake da alayyafo ba, to ki nisanta su da ita.

Yaranki sun kai a zaunar da su a nuna musu a ce wannan ba a ci. Amma ki tuna da ranar suna ko walima, lokacin da 'yan'uwa za su cika gidan da masu rarrafe. Ki dasa ta can ƙarshen lambu, a watan Oktoba da Nuwamba kuma a riƙa share waɗanda suka zubo. Ita kuma Inna, hoto ya ishe ta, ki riƙa turo mata duk shekara.

TAMBAYA: Malam, ni malamin makarantar allo ne a Asawase. A tsakar gidan da muke karatu akwai tsohuwar bishiyar ankye. Wasu iyaye sun ce in sa a sare ta wai tana kashe yara, wasu sun ce kakanninmu sun ci ba abin da ya same su. Wanne ne gaskiya?

AMSA: Allah gafarta Malam, dukkansu sun faɗi gaskiya, kowa rabi ya riƙe. Na ajiye wasiƙarka har yau ne don ina son Hajiya ta ji wannan, ta san abin da ta hango a Jamus akwai babban wansa a Asawase. Ankye sunan Asantawa ne. Mu Hausawa gwanja kusa muke ce mata, kuma sunan kansa tarihi ne: fataken goro da suka taso daga Kano da Katsina, bayan watanni a hanya, in suka fara ganin wannan bishiya sun san ƙasar Gwanja ta yi kusa, kasuwar goro ta Salaga na gaba. 'Yar ƙasar nan ce ta asali. A ƙarni na 18 aka tsallaka da ita Jamaika a zamanin cinikin bayi, yau ita ce 'ya'yan itacen ƙasarsu, suna dafa ta da busasshen kifi mai gishiri, sunan da suke kiranta ma daga ankye ya samo asali. Masana suna ce mata Blighia sapida, don tunawa da Kyaftin William Bligh wanda ya kai samfurinta Ingila daga Jamaika a 1793.

Dubi 'ya'yanta da kyau. Jan kwanso, ya tsage gida uku, baƙar ƙwaya mai sheƙi, a gindin kowace ƙwaya ga farar tsoka mai maiƙo. Tsokar nan ita ake ci, amma sai kwanson ya buɗe da kansa a kan bishiya. Kafin ya buɗe, tana ɗauke da wata guba da ake kira haifoglaisin, wadda ke zubar da sukarin jini ƙasa warwas. Yaro ya fara amai ba ƙaƙƙautawa, jiki ya saki, ya shiga jijjiga ko suma, kuma yaron da ya kwana da yunwa ya fi shiga haɗari. A 1998 an yi asarar yara da dama ta wannan hanya a kudu maso yammacin Burkina Faso. Baƙar ƙwayar da jan zaren da ke manne da tsokar ba a cin su ko da ta nuna, wadda ta faɗo ta fara lalacewa ma a bar ta. Kakannin da suka ci lafiya sun san wannan ƙa'ida ne, suka kuma koya wa 'ya'yansu.

Ni dai ba zan ce a sare ba. Inuwar da almajiranka ke zama a ciki ta fi shekarun yawancin iyayen da ke ƙorafi, kuma ba a mayar da irinta a shekara goma. Lokacin 'ya'ya, ka sa manyan almajirai su share gindinta kafin a fara karatun safe, a sare rassan ƙasa da yara ke iya kamawa, a hana jifa da dutse, don ɗanyen da aka kakkaɓo shi ne mai kisa. Ka tsinko ɗanye da nunanne ka ɗora a kan buzu ka nuna musu bambancin, kamar yadda kake nuna musu bambancin baƙi da baƙi a allo. In kuma ƙaddara ta faɗa, yaro ya ci ya fara amai, kada a tsaya ɗura masa manja kamar yadda aka saba a unguwa. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari, a ɗauke shi nan take zuwa asibiti mafi kusa ko babban asibitin Komfo Anokye, a tafi da ragowar abin da ya ci a nuna wa likita.

Hajiya, ina da 'yan dashen anato guda biyar a leda a bayan gida, sun kai tsawon kamu biyu. Ki turo babban jikanki ofishin mujalla ranar Juma'a bayan an sauko, zan bar masa biyu. Ya zo da bokiti, don ledar ta fara yagewa.